Sabon Kati, Tsohuwar Wuta: Abin da Ke Hana Kwamfuta Nuna Hoto Bayan An Sauya Mata Katin Hoto

Gabatarwa

Daga cikin sassan kwamfuta da masu ita suka fi sha'awar sauyawa, katin hoto shi ne kan gaba. Ɗalibin zanen gine-gine yana bukatarsa domin ya juya ginin da ya zana ya gan shi ta kowace kusurwa, mai tace fim yana bukatarsa domin ya rage zaman jira, haka shi ma mai bincike wanda lissafinsa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta ita kaɗai. Sai dai kuma sau da yawa akan sayi kati da tsada, a sanya shi, a danna makunni, monita ta tsaya baƙi ƙirin. Wani lokaci kuma hoto yakan fito lafiya lau, amma da zarar an soma aiki mai nauyi sai kwamfuta ta ɗauke kamar an zare ta daga bango.

Abin da yakan fara zuwa zuciyar mai kaya shi ne an sayar masa da mataccen kati. A gaskiya kuwa, a mafi yawan lokuta katin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakaninsa da tsofaffin sassan da ya tarar, musamman waya, da manhaja, da kuma akwatin da ke ba kwamfuta wuta. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowace irin alama da kwamfuta ta nuna tana da dalilinta, kuma wanda ya san yadda wuta da hoto suke tafiya a cikinta zai iya gano dalilin kafin ya sake kashe ko kwabo.

Dalilin Yawan Cin Wutar Katin Hoto

Hoton da ke fuskar monita tarin ɗigogi ne ƙanana masu launi. Monita mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600, kuma a bisa al'ada ana sabunta su sau 60 a kowace daƙiƙa. Wadda ake kira 4K tana da ɗigo 8,294,400, wato ninki huɗu ke nan. Aikin katin hoto shi ne ya lissafa launin kowane ɗigo kafin lokacinsa ya yi. Domin haka aka cika shi da dubban ƙananan masu lissafi da ke aiki a lokaci guda, kuma kowannensu wuta yake ci, zafi yake fitarwa.

Wannan ci kuwa ya yi ta ƙaruwa. Katin GeForce GTX 1060 na kamfanin NVIDIA, wanda ya fito a 2016, wat 120 yake bukata. RTX 3080 na 2020 ya kai wat 320, RTX 4090 na 2022 ya kai wat 450, shi kuwa RTX 5090 na 2025 wat 575 aka rubuta masa, har kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1000. A ɗaya ɓangaren kuma, kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu galibi akwatin wutarsu bai wuce wat 180 zuwa 300 ba, domin ba a ƙera su don irin wannan aiki ba.

Hanyoyin da Wuta Ke Bi Zuwa Kati

Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa, shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita wuta mai tafiya hanya ɗaya, mai ƙarfin bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Wannan tsari ya samo asali ne daga ƙa'idar ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995. Katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfuta dukkansu daga layin bolt 12 suke sha. Saboda haka lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba ta wadatar ba, sai an duba takardar da ke manne a jikin akwatin, a ga amfiya nawa layin bolt 12 yake iya bayarwa. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka bolt da amfiya, a sami wat. Idan an rubuta amfiya 18, to layin wat 216 kawai zai iya bayarwa, ko da an rubuta 450 a kwali.

Wuta tana isa kati ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gurbin da ake cusa shi a jikin babban allon kwamfuta, wato madabod. Wannan gurbi, mai suna PCI Express, wat 75 ne iyakarsa. Ta biyu ita ce wayoyin da ke tahowa kai tsaye daga akwatin wuta. Filogi mai haƙora 6 yana ƙara wat 75, mai haƙora 8 yana ƙara wat 150, sabon nan mai haƙora 16 kuwa yana iya kaiwa wat 600. Kati irin GTX 1050 Ti, wanda bai wuce wat 75 ba, yawanci gurbin kaɗai ya ishe shi, shi ya sa ya dace da kwamfutocin ofis. Duk katin da ya haura haka dole ne a jona masa waya.

Waɗannan iyakoki ba na wasa ba ne. A 2016 masu gwaji sun gano cewa katin Radeon RX 480 na kamfanin AMD yana jan fiye da wat 75 daga gurbin madabod, abin da ya sa kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja wadda ta mayar da wani kaso na nauyin kan filogi mai haƙora 6.

Idan Monita Ta Ƙi Nuna Komai

Ƙa'idar farko a binciken kowace na'ura ita ce a fara da abin da ya fi sauƙi, kuma a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sauya abu uku a tare, ko da kwamfuta ta tashi, ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Kafin a taɓa komai a ciki kuwa, sai a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danna makunni na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta zube, sannan a taɓa ƙarfen kwango domin a sauke wutar da jiki ke tarawa, wadda takan yi yawa a lokacin hunturu.

Abu na farko da za a duba shi ne inda aka jona wayar monita. Kwamfutoci da yawa suna da mafitar hoto a jikin madabod, kuma galibi ana rufe ta da zarar an sanya kati. Idan aka mayar da waya wurinta na da bisa sabo, babu abin da zai fito. Wurinta yanzu shi ne jikin sabon katin, can ƙasa. Daga nan sai a tabbatar cewa ita kanta monita an zaɓar mata ƙofar da ta dace, domin mai ƙofa uku ba kullum take gane wadda hoto ke shigowa ta cikinta ba.

Abu na biyu shi ne irin wayar. Tsohuwar shuɗiyar waya ta VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, tana ɗaukar hoto ne a matsayin wuta mai hawa da sauka, alhali HDMI da DisplayPort lambobi suke ɗauka. A da, mafitar DVI ta katuna da yawa tana ba da nau'in biyu, saboda haka ɗan ƙaramin mahaɗi ya isa a jona tsohuwar monita. Amma tun daga jerin GTX 1000 na 2016 NVIDIA ya daina sanya tsohon nau'in, AMD ma ya riga shi a manyan katunansa. Ana gane bambancin da ido: mafitar da ke ba da nau'in biyu tana da ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar da ke gefe, ɗayar kuwa ba ta da su. A irin wannan hali sai an nemi mahaɗi mai na'urar juyi a cikinsa, ko kuma a sauya monita.

Abu na uku shi ne zaman katin. Katunan yanzu suna da tsawo da nauyi, kuma yakan yiwu gaba ya shiga, baya ya ɗage. Sai a cire shi a sake danna shi har makullin da ke ƙarshen gurbin ya kama. A duba kuma ko hannu ya gogi ƙwayoyin RAM lokacin aiki, domin su ma idan suka motsa monita ba za ta nuna komai ba. Bayan haka a ƙirga ramukan wutar da ke jikin kati, a tabbatar an cike kowanne. Katin da ke da filogi biyu aka jona masa ɗaya, fankarsa tana iya juyawa amma ya ƙi ba da hoto.

Ita ma kwamfuta takan faɗi abin da ke damunta. Kafin ta tashi tana yi wa sassanta gwaji, kuma a madabod da yawa ƙara ɗaya doguwa da gajeru biyu ko uku tana nufin ba a sami katin hoto ba. Na zamani kuma suna da ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda gwajin ya cije. Ma'anar ƙarar takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin madabod shi ne alƙali.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a waiwayi manhajar da ke tada madabod. Tsofaffin kwamfutoci da tsarin BIOS suke tashi, sababbi kuwa da UEFI, kuma wasu sababbin katuna ba sa jituwa da tsohon tsari. A 2025 AMD ya bayyana cewa katunansa na jerin RX 9000 da UEFI kaɗai ya tabbatar da aikinsu. Mafita ita ce a mayar da tsohon kati, a sabunta manhajar madabod daga wurin kamfanin da ya ƙera shi, sannan a sake gwadawa. Ba a yin wannan sabuntawa sai da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, domin yankewarta a tsakiyar aikin tana iya kashe madabod ɗungurungum.

Idan Hoto Ya Zo Amma da Tangarɗa

Akwai kuma inda alamar kamfani take fitowa, amma da Windows ta soma shiga sai duhu ya rufe, ko hoto ya fito manya-manya, ko ya riƙa ƙyaftawa. Tunda har hoto ya fito da farko, kati da waya sun fita zargi na ɗan lokaci, hankali ya koma kan direba, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da kati. Ragowar direban tsohon kati yakan yi karo da na sabo, musamman idan an tashi daga katin wani kamfani zuwa na wani. Maganinsa shi ne a shiga yanayin da Windows ke kira Safe Mode, a goge tsohon direba gaba ɗaya, kamar da manhajar Display Driver Uninstaller da aka daɗe ana amfani da ita, sannan a sanya sabo daga shafin kamfanin da ya yi katin.

Tun daga Windows Vista akwai tsarin da ke sa ido a kan katin hoto. Idan kati ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows takan sake tada direba, monita ta yi duhu na ɗan lokaci sannan ta dawo. Faruwar haka sau ɗaya ba abin damuwa ba ne. Idan ya zama kullum, to ko dai direba, ko zafi, ko ƙarancin wuta. Idan kuwa ɗigogi masu launi ko layuka suna bayyana tun kafin Windows ta shiga, kuma sauya waya bai kawar da su ba, a nan ne zargi ya tabbata a kan katin kansa, kuma ya kamata a gwada shi a wata kwamfuta tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.

Wayar ma tana da nata iyaka. HDMI 1.4 tana kai hoton 4K sau 30 ne kawai a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ta 2013 ce ta kai shi sau 60. Waya mara inganci takan sa hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa alhali kwamfuta tana ci gaba da aikinta.

Idan Kwamfuta Tana Ɗaukewa a Tsakiyar Aiki

Wannan ita ce alamar da ta fi nuna akwatin wuta. Kwamfuta tana rubutu da shiga intanet lafiya, amma da an buɗe wasa ko aikin tace fim sai ta mutu farat ɗaya, ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba. A nan sai a yi lissafi. A ce ƙwaƙwalwa tana cin wat 65, kati irin RTX 3060 yana cin 170, sauran sassa kuma a ba su 50. Jimla wat 285 ke nan. Akwatin da layinsa na bolt 12 bai wuce wat 216 ba ba zai iya ba, ko da kuwa yana iya tada kwamfutar, domin kati ba ya cin cikakkiyar wutarsa sai an ba shi aiki.

Wani abin mamaki shi ne, akan sami akwatin da lissafi ya nuna ya isa, amma duk da haka kwamfuta tana ɗaukewa. Dalili shi ne lambar da aka rubuta wa kati matsakaicin cinsa ne. A cikin ɗan lokacin da bai kai ƙyaftawar ido ba, kati yana iya fizgar ninki biyu na wannan adadi ko fiye. Akwatin wuta mai kyau yana da mai gadi a cikinsa wanda ke yanke wuta idan ja ya wuce kima, kuma tsofaffin akwatuna sukan ɗauki wannan fizga a matsayin haɗari su rufe. An yi ta samun irin wannan koke bayan fitowar jerin RTX 3000 a 2020. Domin haka ne ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta shar'anta cewa akwatin da ya haura wat 450 kuma yake da sabon filogi dole ne ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa. NVIDIA ma ya ba da shawarar akwati mai wat 550 ga katin da ke cin 170 kacal.

Mita tana iya nuna ko layin bolt 12 yana tsakanin 11.4 da 12.6, kamar yadda ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta tanada, amma ba ta da saurin da za ta kama irin wannan fizga. Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne a ari akwati mai ƙarfi wanda aka san lafiyarsa. Haka kuma ana iya rage wa kati iyakar wutarsa ta hanyar manhaja. Idan ɗaukewar ta tsaya bayan haka, to an kama mai laifi.

Wajen sayen sabon akwati kuwa, araha ba ta ado. Akwati mara suna yakan rasa mai gadin da aka ambata, kuma idan ya mutu ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Akwai kura-kurai uku da ke ƙona kaya nan take. Na farko, cusa filogi mai haƙora 8 na ƙwaƙwalwa a jikin kati, domin sun yi kama amma jerin wayoyinsu daban. Na biyu, amfani da wayoyin wani akwati a jikin wani, a irin akwatunan da ake cire wa waya, domin babu ƙa'ida ɗaya a kan yadda ake jera su ta ɓangaren akwati. Na uku, jawo wutar babban kati ta mahaɗi daga filogin SATA, wanda ba a yi shi don ɗaukar irin wannan nauyi ba. Kada kuma a kuskura a buɗe cikin akwatin wuta, domin kondensar da ke ciki tana riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya.

Darasin Filogin da Ya Narke

A watan Oktoba na 2022, makonni kaɗan da fitowar RTX 4090, masu shi suka soma nuna hotunan filogi mai haƙora 16 da ya narke a jikin kati. A watan Nuwamba NVIDIA ya ce ya sami labarin kimanin guda 50 a duniya, kuma bincikensa ya nuna cewa galibi filogin ne bai shiga har ƙarshe ba.

Ilimin kimiyyar lantarki ya bayyana yadda abin ke faruwa. Wat 600 a kan bolt 12 amfiya 50 ke nan, kuma haƙora 6 ne ke raba su, kowanne ya ɗauki fiye da amfiya 8. Idan filogi ya karkace, wasu haƙoran ba sa kamawa sosai, sai nauyin ya taru a kan sauran. Zafin da ke fita a mahaɗa kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar: idan wuta ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. A 2023 aka gyara fasalin filogin, aka gajarta ƙananan haƙora huɗu masu ba da sanarwa, ta yadda idan bai zauna daidai ba kati ba zai ja wuta ba. Duk da haka an sake samun rahotannin narkewa a 2025 tare da RTX 5090. Abin lura ga kowane mai kwamfuta shi ne a danna filogi har ya yi ƙara, a duba da ido cewa babu giɓi, kada a lanƙwasa waya dab da bakinsa, kuma katin da ke da ramuka biyu a ba kowanne wayarsa daban idan hali ya yi. Da an ji ƙaurin roba, a zare wuta nan take.

Wutar Bango, Ƙura da Zafi

Akwai abubuwan da suka shafi mai kwamfuta a Nijeriya da Nijar fiye da takwaransa na Turai. Wutar bango a nan bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, kuma wanda aka bari a kan 115 aka jona shi a nan, ƙonewa zai yi. Haka nan na'urar UPS da ta daɗe tana riƙe tsohuwar kwamfuta tana iya gazawa bayan an sanya sabon kati, domin mai lamba 650 VA abin da take bayarwa galibi bai wuce wat 400 ba. Idan tana kuka a duk lokacin da aka fara aiki mai nauyi, ita ce ta yi ƙanƙanta. Wutar janareta mai hawa da sauka ma takan jawo irin wannan ɗaukewa.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙarafan da ke shanye zafin kati, ga shi a bazara zafin gari yakan haura digiri 40. Kati idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa, idan abin ya ci tura ya kashe hoto. Kakkaɓe ƙura lokaci-lokaci da barin hanyar iska a gaba da bayan kwango suna hana wannan.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kowace alama tana da inda take nuni. Duhu tun daga farko yana nuna waya, ko zaman kati, ko filogin wuta, ko manhajar madabod. Duhu bayan Windows ta soma shiga yana nuna direba. Ɗaukewa a tsakiyar aiki mai nauyi tana nuna akwatin wuta ko zafi. Amma rigakafi ya fi magani. Kafin a biya kuɗin kati, ya kamata mai saye ya karanta takardar da ke jikin akwatin wutarsa, ya ƙirga filogin da yake da su, ya auna tsawon kwango, ya duba ƙofofin monitarsa, ya kuma adana kwafin muhimman ayyukansa a wani wuri. Idan lissafi ya nuna wuta ba za ta isa ba, to kuɗin sabon akwati yana cikin kuɗin kati, kuma gara a sayi ƙaramin kati da akwati mai kyau da a sayi babba a ɗora shi a kan wanda ba zai iya ɗaukarsa ba. Tsohon katin kuma a adana shi, domin shi ne kayan gwaji na farko ranar da monita ta sake yin duhu.